Zaren da Ke Hancin Binta

Ranar kamun 'yar'uwarku Zainab na ji ɗaya daga cikinku tana tambayar gwaggonku me ya sa duk a cikin matan gidanmu ni kaɗai nake kiran sunan 'yata ta fari gatsal, a gaban kowa. Gwaggon taku ta yi dariya ta ce ai uwarku da ma can tsaurin ido gare ta. Na ci gaba da hidimata, ranar biki ce. Amma maganar ta zauna mini a rai. Tunda Allah ya sa na koyi rubutun nan da girmana, kuma Inna, mahaifiyar babanku, ta riga mu gidan gaskiya ba za ta iya faɗar nata ba, bari in rubuta muku yadda aka yi, nawa da nata duka.

A lokacin muna zaune a Gyaɗi-Gyaɗi, ciki da falo a gidan haya, babanku yana tuƙi a wata ma'aikata. Inna tana babban gida a Tarauni. Da aka yaye yayarku Binta, can aka kai ta kamar yadda ake yi, kuma ba ta dawo ba, domin Inna ta ce ta samu abokiyar hira. Ban isa in ce uffan ba, kuma gaskiya ban ma ga abin cewa ba, haka na taso na ga ana yi. A tarbiyyar da aka yi mini, mace ba ta kiran sunan ɗanta na fari, ba ta ɗaukarsa a gaban manya, ba ta yi masa wasa. In ya faɗi a gabanta, sai ta kau da kai ta bar wani ya ɗaga shi. Ku na yanzu kuna ganin kamar rashin ƙauna ne. Ba haka ba ne. Kunya ce, kuma ita ce adon mace a wancan lokaci. Ni dai abin da ta koya mini shi ne kallo da gefen ido. In na je gaishe da Inna, kaina a sunkuye, ina amsa tambayarta, amma na san inda Binta take, na san abin da ke hannunta, na san ko an yanke mata farce. In zan ambace ta sai in ce yarinyar wajen Inna.

Shekarar da sojoji suka ce za su koma bariki abin ya faru. Gari ya cika da motoci masu lasifika, an manne kowane bango da hotunan 'yan takara, maza ba su da hira sai ta zaɓe. Inna tana yin sabulun wanki tana sayarwa. Sodar da ake haɗa shi da ita, in aka jiƙa ta ta narke, ba ka bambanta ta da ruwan randa. Ranar ta jiƙa a wani kofin roba, ta tura bayan ƙofa, ta fita yin alwala. Binta ta shigo daga wasa da ƙishirwa. Kurɓa ɗaya ta yi. Aka ɗura mata manja, aka ba ta madara, aka kai ta wurin mai kemis. Leɓenta ya kumbura ya saɓule, ta yi kwanaki tana kuka, sannan bakin ya warke, kowa ya yi hamdala, aka ce Allah ya taƙaita.

Ni ce na fara ganin bai taƙaita ba. Na ga in ta kai lomar tuwo sai ta tsaya, ta miƙa wuya kamar kaza, ta zagaya bayan turmi ta dawo da ita. Da na sake zuwa, sai na ga koko ma dawowa yake yi. Akwai wata 'yar jigida da na sa aka kai mata da Sallah, ban ce daga ni ba ce. Ranar da na ga jigidar ta zamo daga ƙugunta ta faɗo ƙafa, tana tafe tana tsallake ta, ƙirjina ya buga. Na dawo gida na kasa cin abinci. Da babanku ya dawo, na yi ta kewaye-kewaye kafin na iya cewa:

"Malam, yarinyar wajen Inna fa tana ramewa."

"Zafi ne," in ji shi. "Duk yara haka suke yanzu."

"Yawu ma ba ta haɗiyewa. Ka duba gaban rigarta."

Ya dube ni, don bai taɓa jin na yi maganarta mai tsawo haka ba. Washegari ya nemi izini a wurin aiki, muka kai ta babban asibitin da ke kusa da mu, ni da shi da Inna.

A ɗakin yara akwai wata ma'aikaciyar jinya, Sista Rifkatu, 'yar Filato, doguwa, mai faɗa da dariya a lokaci guda. Ta dube mu ta ce wace ce uwar yarinyar. Inna ta ce, "Ni ce." Sista ta dubi furfurar Inna, ta dube ni da nake riƙe da kwandon fulas, ta ce to, Allah ya ba mu lafiya, uwa ta shigo. Suka shiga. Ni na zauna a baranda, a ƙasan taga, kuma a nan na yi yawancin zamana na asibiti a watannin farko. Gilasan tagar biyu sun fashe, don haka babu abin da aka faɗa a ciki da ban ji ba.

Aka ba ta wani farin ruwa kamar alli ta sha, aka ɗauki hoto. Likitan da ya duba hoton an ce bai daɗe da dawowa daga waje ba, yana cikin waɗanda suka ji an ce ƙasa za ta gyaru suka tattaro suka dawo gida. Hausarsa tana ɗan karkacewa amma yana da haƙurin bayani. Ya ce hanyar da abinci yake bi daga maƙogwaro zuwa ciki ta ƙone, da ta zo warkewa sai ta tsuke, kamar bakin jakar da aka ja zarenta, yanzu ramin da ya rage bai fi na tsinke ba. Ya ce hanya biyu ce. Ta farko babban aiki: a yanka wuya, a buɗe ciki, a ɗebo wani yanki na hanjinta a yi mata sabuwar hanya da shi. Ya ce ana yi, amma ga yarinya ƙarama da ta rame haka, ba ya son ya fara da shi. Ta biyu, za a yi 'yar ƙofa ƙarama a cikinta a sa roba, ta nan za a riƙa ba ta abinci ta yi ƙarfi. Sannan zai zura wani siririn abu mai fitila a baki ta maƙogwaronta, ya lalubo ramin da ya rage, ya bi da zare ta ciki. Bakin zaren ɗaya ya fito ta hanci, ɗayan ta ƙofar ciki, a haɗa su a waje a ƙulle. Duk bayan 'yan makonni a yi mata allurar barci, a ɗaura wata roba mai santsi a jikin zaren a jawo ta ta wurin da ya tsuke, yau siririya, wani zuwan wadda ta ɗan fi ta, har hanyar ta buɗe. Ba yanka, sai dai haƙuri.

"Amma ku ji ni da kyau," ya ce. "Muddin zaren nan yana ciki, hanya ba ta ɓace mini ba. In ya zare ya fita, ba lallai in sake samun ramin ba. To in haka ta faru, sai babban aikin. Ko me za a yi, kada a kwance shi, kada a yanke shi."

Babanku ya ce to. Inna kuwa tun da aka ambaci ƙonewa take kuka tana salati, tana cewa ita ta jawo, ita ta jawo. Na tabbata rabin maganar bai shiga kunnenta ba. Ni da ba a kira ni ba, ni na haddace ta tas.

Aka yi aikin, aka sallame su, Binta ta koma Tarauni da baƙin zare a hanci, ya bi ta kumatu an danne da filasta, ya zagaya bayan kunne, ya shige cikin riga. Ina so ku san cewa babu wanda ya yi wa yarinya hidimar da Inna ta yi. Ta daina sabulu ɗungurungum, ta ba da tukwanen. Ita ke dama kunun gyaɗa ta tace shi da mataci mai laushi, ta fasa ƙwai a ciki, ta zuba madara, ta ja da sirinji ta tura ta robar a hankali tana yi mata tatsuniya. Sista ta ce a riƙa ba ta abinci a baki ta tauna ta tofar, don kada ta manta ɗanɗano. Inna, wadda ko ƙwayar shinkafa ta faɗi sai ta tsince ta, ta ware wani ɗan kwano na tofarwa, tana zaune tana kallon ana zubar da nama. Ranar asibiti kuwa ita ke goya ta, ni ina biye da kwando. In an fito da ita daga ɗakin tiyata tana magagin allura, sunan Inna take kira. Ina ji daga baranda. Ba zan ce muku bai taɓa yi mini zafi ba, amma ina gode wa Allah da ta samu wanda za ta kira.

Hanya ta fara buɗewa kaɗan-kaɗan. Ta fara haɗiye yawu, gaban rigarta ya bushe. Kumatu suka fara dawowa. Abin da ya dami Inna shi ne yaran layi. Sun ga igiya a hanci, suka sa mata saniyar Inna. In ta leƙa ƙofar gida sai su fara kukan shanu. Inna ta sha fita da muciya tana bin su, tana cewa uwayenku ne shanu, 'ya'yan banza. Amma Binta ta daina fita. Sai ta zauna a ɗaki ta sa hannu ta rufe hancinta in baƙo ya shigo.

Ana cikin haka matar wan babanku ta haihu, aka sa suna a babban gida. Lokacin zafi ne sosai, saura kaɗan a rantsar da sabon shugaba, maza a soro da ƙofar gida ba sa maganar komai sai wanda zai samu muƙami. Cikin gida ya cika maƙil da mata, dangi daga Daurawa, daga Unguwar Gano, har da na ƙauye. An yi wa yara ɗinki iri ɗaya. Ina zaune a tsakar gida cikin facalolina muna tsinke zogale, sai ga Binta ta fito daga ɗakin Inna cikin sabuwar riga, an yi mata kitso, an sa mata kwalli, tana murmushi. Rabona da in ga haƙoranta har na manta. Mata suka ɗauki shewa, ana cewa kai, amaryar Inna ta fito. Ni kuwa gabana ya faɗi, domin ban ga zaren a kumatunta ba. Babu shi a bayan kunne, babu shi a wuyan riga. Sai wata 'yar filasta ƙarama a ƙasan hanci.

Daga baya na san abin da ya faru. Da safe Binta ta ƙi fitowa, ta ce za a ce mata saniya. Inna ta kasa jurewa. Ta ɗauki almakashi ta yanke tsawon da yake waje, ta bar guntu a sama ta manne, ta bar guntu a ƙasa ta manne, da niyyar in taro ya watse ta ƙulla wani zaren ta haɗa su. A ganinta na cikin ai yana nan, na wajen ne kawai ta rage. Tausayi ne ya sa ta, ba wani abu ba.

Na ci gaba da tsinkar zogale. Ina ta saƙa yadda zan yi. In tashi in je in raɗa wa Inna? Tana can ƙuryar ɗaki cikin manyan baƙi. In aika a kira babanku? Kafin a same shi a cikin maza an daɗe. Binta tana tsalle da yara a gindin rariya, gumi yana zubo mata. Na ga filastar ta ɗago ta gefe ɗaya. Na ga ta faɗi. Guntun zaren yana lilo a kan leɓenta. Sai na ga ta tura hannu cikin riga tana sosa wajen robar, don gumi yana sa wurin ƙaiƙayi, ta kama wani abu tana ja. Zaren da ke kan leɓenta ya fara hawa sama yana shigewa hanci.

"Binta! Binta, tsaya! Saki!"

Ban san muryata tana da ƙarfi haka ba. Gidan ya yi tsit, har mai luguden daka ta tsaya da taɓarya a sama. Binta kanta ta daskare, domin ba ta taɓa jin sunanta a bakina ba. Na tsallake faranti, na tsallake ƙafafun mutane, na durƙusa a gabanta. Abin da ya rage a waje bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba. Na sa farce biyu na kama shi, ya kuɓuce, na sake kamawa, na jawo shi a hankali har ya kai yadda zan naɗe shi a yatsa. Na ce mata kada ki motsa, uwata, kada ki motsa, ga ni nan. Da ɗaya hannun na ɗauke ta na rungume a ƙirji, fuskarta a jikin fuskata.

Wata gwaggon babanku ce ta fara magana.

"La ilaha illallahu. Yau na ga abin da ya isa. 'Yar fari? A gaban surukai?"

"Ai 'yan matan yanzu sai addu'a," in ji wata. "Har da uwata."

Ban tsaya ba. Ba ni da hannun ɗaukar mayafi, ba ni da hannun neman takalmi. Haka na ratsa soro, cike da maza, da wan babanku da abokan marigayi kakanku, kaina ɗankwali kawai, ƙafata ba takalmi, ɗiyata a ƙirji. Na ji hirar siyasa ta yanke kamar an kashe rediyo. Na fita titi, ƙasa tana ƙuna, na nufi bakin hanya. Can na ji gudu a bayana. Babanku ne, mayafina a hannu ɗaya, takalmana a ɗayan. Na ɗauka faɗa zai yi. Sai ya yafa mini mayafin da kansa, a tsakiyar titi, ya sunkuya ya ajiye takalman a gabana na zura, sannan ya tare mana tasi. A cikin motar ya ga yatsana ya yi fari saboda matsewar zare, ya ce in kawo ya riƙe. Na ce a'a. Har muka isa ban saki ba.

Sista Rifkatu tana bakin aiki. Ta duba, ta ɗauko wani zaren ta ƙulla a sama, ta ƙulla a ƙasa, ta haɗa, ta danne da filasta mai faɗi. Sai da ta gama sannan ta warware mini yatsa, ta riƙe shi tana murzawa.

"To, Hajiyar baranda," ta ce. "Yau dai an shigo ciki. In tambaya kuma? Wace ce uwar yarinyar?"

Na buɗe baki, sai kuka ya zo. Ta ce ya isa, ta ji amsa.

Daga asibiti ban koma Tarauni da ita ba. Na ce wa babanku Gyaɗi-Gyaɗi za mu. Ya ce in yi tunani, Inna za ta ɗauka an ce ba ta iya ba. Na ce na sani, amma idon Inna ya yi rauni, zuciyarta kuma ta yi laushi da yawa a kan yarinyar nan, gobe in ta sake kuka za ta sake tausaya mata. Ni zan iya jin kukanta in ƙi. Muna cikin tasi har muka wuce gidan mai, inda motoci suka yi dogon layi, sannan ya ce wa direba ya juya.

Wannan shawarar ita ce abin da na biya mafi tsada a rayuwata. Mahaifiyata ta aiko daga gida cewa na zubar mata da mutunci, a ce 'yar da ta haifa ta ƙwace ɗiya daga hannun uwar miji ranar taro. A wajen biki in na shigo sai a yi ƙasa da murya. Facalolina suka sa mini Maman Binta, da gayya, suna ja suna dariya, domin a lokacin ba a kiran mace da sunan ɗan fari a gidanmu. Duk wannan mai sauƙi ne. Mai nauyin shi ne Inna. Ba ta yi faɗa ba, ba ta aiko da magana ba. Ta haɗa kayan Binta a ƙullin zani, har da sirinji da mataci da ɗan kwanon tofarwa, ta bayar aka kawo. In na je gaisuwa sai ta amsa a taƙaice ta juya ga carbinta. Babanku ya ce ta rame, ta daina hura wuta da rana, wai wa za ta dafa wa. Matar da ta yi shekara da wani abu tana kwana da yarinya a bayanta, rana ɗaya aka bar ta da ɗaki fayau. Ni na yi mata haka, kuma ina sane na yi.

Binta ma ba ta karɓe ni da sauƙi ba. Kwanakin farko bakin ƙofa take zama tana jiran Inna. Ba ta san me za ta kira ni ba, sai ta ce ke. Na ɗinka mata riguna masu maɓalli a baya don kada hannunta ya kai ga robar. Na koyi tura kunu ba tare da iska ta shiga ba. In yaran gidan haya suka yi mata kallon hanci, sai in ɗaura baƙin zare a kunnena ni ma in fito tsakar gida ina shara, har suka gaji da kallo. Ranar asibiti ni ke shiga har ƙofar ɗakin tiyata. Damina ta sauka, aka yi rantsuwa aka gama, masu murna suka yi, masu jiran gyara suka ci gaba da jira, mu dai muna ta zuwa ana ƙara kaurin roba. Wata rana da ta farko daga allura, ta lalubo mayafina ta riƙe ta koma barci. Ban motsa ba har ƙafata ta yi sanyi.

Bayan kaka likita ya leƙa da fitilarsa ya fito yana murmushi. Ya ce hanya ta buɗe yadda abinci mai laushi zai wuce, a fara ba ta ta baki. Ya ce zaren zai zauna tukuna, amma yanzu abincin da kansa shi zai riƙa riƙe hanyar a buɗe. In ba ta ci, za ta iya sake tsukewa, a koma baya. Na dawo gida kamar in yi rawa a titi. Na dama koko, na yi fate, na dafa dankali na murje. Binta ta karɓa, ta tauna, ta nemi kwanonta ta tofar. Na ɓoye kwanon, ta tofar a ƙasa. Na lallashe ta, na yi mata alkawarin 'yar tsana, na yi faɗa, na yi kuka a gabanta. Sai ta ajiye lomar a kumatu ta zuba mini ido, in na matsa ta fara kakari tun abincin bai je ko'ina ba. Tsoro ne. Ta tuna yadda yake tsaya mata. Babanku ya gwada, maƙwabta suka gwada. Mako ya wuce, wani ya bi shi, ranar komawa asibiti tana matsowa, ni kuma ba na iya barci don tunanin za a ce hanya ta koma.

Ina wanke mataci wata safiya na tsaya da shi a hannu. Yarinyar nan tun da aka cire ta daga nono ba ta taɓa haɗiye lomar da ta fito daga hannuna ba. Ni ta roba na iya ciyar da ita. Na ajiye matacin, na goya ta, na kama hanyar Tarauni da ƙafa.

Na samu Inna a ƙofar ɗakinta tana tsintar wake. Na durƙusa na gaishe ta. Binta ta zame daga bayana ta ruga ta faɗa jikinta, waken ya watse. Inna ta riƙe ta, tana shafa kanta, ba ta dube ni ba.

"Inna, likita ya ce hanya ta buɗe. Amma ta ƙi haɗiyewa. Na yi iya yina."

"Au, ashe akwai abin da ba ki iya ba?"

"Akwai, Inna."

Ta bar ni a durƙushe har gwiwata ta fara zafi. Sannan ta ce in tashi in hura mata wuta, tunda na zo. Ta tuƙa tuwon shinkafa ɗan kaɗan, mai ruwa-ruwa, ta kaɗa miyar ɗanyar kuɓewa mai yauƙi, ba yaji. Ta zuba a kwanonta na kullum, ta zauna a tabarma, ta juya wa Binta baya, ta fara ci ita kaɗai tana santi. Binta ta zagayo ta tsaya a gabanta.

"Me kike kallo, 'yar kwaɗayi? Tafi gidanku. Ai kin gudu kin bar ni. Wannan tuwon na masu gida ne."

"Ni ma zan ci."

"Ke? Wa zai ba ki? To zo ki ɗanɗana mini gishiri kawai. Amma ki dawo mini da abina. In kika kuskura kika haɗiye mini tuwo, sai na kai ƙararki wurin sabon gwamna."

Ta gutsuro ɗan mitsitsi, ta dulmiya shi a miya, ta sa mata a baki da yatsa, sannan ta miƙa tafin hannu.

"Yawwa. Kawo. Kawo mini kayana."

Binta ta matse baki, idonta yana dariya. Ta girgiza kai.

"Ke, ɓarauniya! Tofo shi nan!"

Ina tsaye a bakin murhu da muciya a hannu. Na ga ɗan maƙogwaronta ya yi sama, ya dawo. Ta tsaya cak, ta zaro ido, tana jiran abin da ta saba ji. Mu ma muka tsaya. Babu abin da ya dawo. Ta buɗe baki ta nuna wa Inna harshe, wayam.

"Na cinye."

"Wayyo ni, an yi mini sata da rana tsaka," in ji Inna, hawaye yana bin kumatunta, hannunta kuwa har ya koma cikin kwano. "Bari in ga ko za ki sake."

Ta sake. Ta sake kuma. Ni dai na zauna a ƙasa inda nake, na rufe fuska da mayafi. Watanni bayan haka aka zare zaren, aka cire robar, ƙofar ta rufe da kanta, ba a taɓa kai yayarku ga babban aikin ba. Amma ni a wurina a ranar nan aka gama.

Da la'asar ta yi na tashi zan tafi, na rasa yadda zan yi. Na tsaya ina gyara mayafi, ban ɗauke ta ba, ban kuma ce a bar ta ba. Inna ta gane. Ta ɗaga Binta da kanta ta ɗora mini a baya, ta kama bakin zanin ta taya ni ɗaurewa, ta duba filastar kumatun ta danna ta da babban yatsa.

"Tafi da 'yarki, ke kika iya tsaron zaren nan, ni ban iya ba," ta ce. "Amma tuwo a nan za ta riƙa ci. Gobe ki kawo ta da wuri, kuma ki taho da kuɓewa, tawa ta ƙare."